Ranar da Na Kama Hannun Ƙanena a Mina

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. Ban kai shekara goma ba aka fara ba ni hanji in wanke a bakin rafi, a wani ƙauye gabas da Kano. Mu biyu ne maza a ɗakin uwarmu, ni ne babba, shekara tara tsakanina da ƙanena. Lokacin da na bi ayarin alhazai na fito gabas a ƙasa, shi yana yaro mai tallar tsire, amma ko a lokacin ya fi ni iya fiɗa. Wuƙarsa ba ta taɓa huda fata ba. Ubanmu yakan ce ni ƙarfi gare ni, shi kuma hannu.

Shekara huɗu na yi a hanya, ina tsayawa ina fawa duk inda guzuri ya ƙare, har na tsallaka teku daga tashar Sawakin ta Sudan. Da na sauke farali ban koma ba. Na kafa tukuba a unguwar Tandabawi ta Makka, inda mutanenmu suka yi yawa, cikin gidajen da muka yi da garwar kananzir da aka farke aka daddale. Larabawan Makka suna ce wa tsirenmu siriya, mu kuma su ce mana Takaruni. Suna raina mai gashin, ba sa raina naman. Na auri 'yar wasu mutanen Damagaram da aka haifa a nan, wadda Larabcinta ya fi Hausarta gudu.

A bakin alhazai nake jin labarin gida. Su suka gaya mini ubanmu ya rasu, su suka gaya mini uwarmu ta bi shi, su ne kuma suka ce ƙanena ya shiga soja, an ɗebe su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Hindu, yaƙin Bama. Na yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mamaci, na ci gaba da gashina.

Bayan yaƙin ya ƙare da 'yan shekaru, wata rana da hantsi ina soke nama a tsinke, wani dogon mutum mai ɗingishi ya tsaya a gabana da akwatin ƙarfe a ka. Ya ce, “Yaya.” Ban gane fuskar ba, muryar ubanmu na ji. Na rungume shi da hannuna duk man ƙuli, muka yi kuka a bakin hanya ba kunya.

A ranar na yanka masa rago. Matata ta yi tuwo, ta yi shinkafa irin ta mutanen nan, na soya hanta da kaina na tura gabansa. Ya ci tuwon sosai, naman kuwa ya riƙa ture shi gefen akushi da yatsa. Na ɗauka ciki ne, don mai tafiyar hamada ba ya rasa ciwon ciki. Bayan an gama hajji ya huta, na kai shi inda muke yanka a bayan dutse, na kayar da akuya, na miƙa masa wuƙa. Ya karɓa, ya durƙusa, ya ɗora gwiwa yadda aka koya mana. Sai hannunsa ya kama rawa. Wuƙar ta faɗi a ƙasa. Ya juya gefe ya yi ta amai, alhali ba abin da ya ci sai kunu.

Da ya wanke baki ya ce, “Yaya, ka nemo mini wani aikin. Kowane iri ne zan yi.”

Na ce, “Ɗan mahauci?”

Ya ce, “Kowane iri ne.”

Sai ya zama sagga, mai kai ruwa gidaje daga bazan, wato wurin ɗiban ruwan unguwa, da garwa biyu rataye a sanda. Aikin masu ƙafa biyu lafiyayyu ne. Shi ƙafarsa ta hagu ta gajarce, saboda haka duk inda ya bi za ka ga layin ruwa a ƙasa. Da safe kafin ya fita yakan daka mini yaji, ya fasa mini itace. Wannan yana iyawa. Salla kuwa ba ya wasa da ita, yakan riga ni zuwa sahu.

Tsakanin la'asar da magariba mutane sukan taru a tukubata: 'yan ga-ruwa, 'yan dako, limamin ɗan masallacinmu, da wani maƙwabcina a sana'a mai tukuba a ƙarshen layi, wanda yake zuwa wai gaisuwa, amma idonsa na kan yawan masu sayena. Ƙanena mai iya labari ne. Ya ba su labarin giwaye masu ɗaukar gungume, da ruwan sama na wata uku ba yankewa, da matsattsaku da suke shiga takalmin soja. Cinikina ya ƙaru saboda shi, ba zan ɓoye ba. Mutum zai zo jin labari ya tafi da tsinke biyu.

Wata rana aka tambaye shi ƙafar. Ya ce harbi ne, kuma mikin ya ruɓe, aka kai shi asibitin soja kusa da Bombai, ya yi wata bakwai. Ya ce warinsa ya sa ko 'yan uwansa sojoji ba sa matsowa kusa da gadonsa. Mutum ɗaya ne yake zuwa, wani ɗan tsamurmurin Bahinde mai aikin wanke miki, mai zane rawaya a goshi da ɗigon ja a tsakiya. Shi yake matse masa ruwan mikin, shi yake juya shi, in ya ɓata shimfiɗa shi yake wankewa. Da ɗan yarensu da ƙanena ya tsinta da ɗan Turancin bariki suke magana.

Liman ya ce, “Musulmi ne ke nan.”

Ƙanena ya ce, “A'a, Allah gafarta Malam. Wata ɗariƙa ce tasu ta masu gumaka. Na tambaye shi me ya sa ba ya ƙyamata, ya ce shugabansu ne ya hore su da haka.”

Aka ce ya ba da labarin shugaban. Ina juya nama ina saurare, kuma har yau ina iya maimaita shi.

Ya ce ba tsohon addini ba ne can-can, don mutumin ya ce kakan kakansa ya ga shugaban ido da ido. Yaro ne ɗan gidan malamansu a arewacin ƙasar. Iyayensa suka mutu yana shekara goma sha ɗaya, sai ya fita daga gida da ɗan bante, ba takalmi, ya shiga duniya. Shekara bakwai yana tafiya, ya hau duwatsu masu ƙanƙara, ya ratsa dazuzzuka, duk inda ya sami masu ilimi ya yi musu tambayoyi, ba wanda ya gamsar da shi. Daga ƙarshe ya sauka a yammacin ƙasar, kusa da teku, a zawiyar wani tsohon shehi, ya zama mai shara da ɗebo kashin shanu. Da tsohon ya ji mutuwa ta matso, sai ya tsallake manyan almajiransa masu furfura ya ɗora wannan baƙon yaro a kan buzunsa.

Wani ɗan dako ya ce, “To, an jawo rigima.”

Ƙanena ya ce an yi rigima kuwa, wasu suka ɓalle. Amma yaron ya riƙe. Da aka yi yunwa ya buɗe gidajen ciyarwa, ya sa mabiyansa haƙa rijiyoyi da tafkuna. Akwai wata ƙabila ta mahaya dawaki, 'yan fashi, ya shiga cikinsu har suka ajiye fashi suka zama dogaransa. Ya hana giya, ya hana sata, ya hana zina. Ya tarar ana ƙona mace da ranta tare da gawar mijinta, ya ce a bari. Ya tarar wasu in an haifa musu mace sai su nutsar da ita a kwaryar nono, don tsoron tsadar aurar da ita, ya ce duk wanda ya ji ba zai iya ba ya bar 'yar ta rayu, jama'a za su aurar masa.

Liman ya gyaɗa kai ya ce, “Ikon Allah. Irin jahiliyyar Larabawa.”

Ƙanena ya ci gaba. Ya ce malamansu suna sa tufa mai launin jar ƙasa, ba sa aure, ba sa taɓa kuɗi, ba sa kallon mace, kuma ba sa tafiya sai bibbiyu don ɗaya ya tsare ɗaya. Ba sa cin albasa da tafarnuwa. Ruwa ma sai sun tace da ƙyalle, kada su haɗiye ƙwaro. Nama kuwa haram ne a wurinsu ko na kaza, kuma shugaban ya hana yanka dabba ko da sunan ibada. Ya ce da ya warke mai wanke mikin nan ya kai shi gidansa ya ci abinci, amma a tsakar gida aka zuba masa a kan ganye, shi kaɗai, kuma da ya tashi ya ga matar gidan tana wanke wurin da ya zauna. Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

Maƙwabcina mai tukuba bai yi dariya ba. Ya ce, “To wa suke bauta wa?”

Da ƙanena ya san Makka da ya ce bai sani ba. Amma shi baƙo ne, kuma an tambaye shi. Ya ce su a wurinsu wannan shugaban ba shehi ba ne kawai. Sun ce Ubangiji ne da kansa ya sauko cikin jikin mutum don masu ƙaunarsa su gan shi. Da ya mutu sun ce bai tafi ba, yana cikin siffarsa da suka sassaƙa. Da asuba su tashe ta da waƙa, su yi mata wanka, su sa mata riga, su ajiye mata abinci, in zafi ya yi su yi mata fifita. Ya ce ba tsoro ne ya fi yawa a ibadarsu ba, so ne, kamar yadda uwa take yi da jariri. Suna ambaton sunansa da carbi ba dare ba rana. Kuma sun yarda duk wanda ya riƙe alkawari, ranar mutuwarsa shugaban zai zo da kansa ya tafi da ransa, ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba.

Wurin ya ɗauki a'uzubillahi. Wani ya tofar da yawu. Ni ma na tofar.

Maƙwabcina ya ce, “Ka gaya masa ɗan wuta ne?”

Ƙanena ya ce, “Ban gaya masa ba.”

“Wata bakwai?”

“Kashina yake wankewa. Da wane bakin?”

Liman ya ce a hankali, kamar mai miƙa wa wanda ya faɗa rijiya igiya, “Amma dai kai ka san makomar mushiriki.”

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Abin da suke yi ɓata ne, Malam, na sani. Shi kuwa mutumin, Allah ne masanin inda zai kai shi.”

Maƙwabcina ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce, “Shi ya sa ba ya cin nama.”

Kafin Juma'a ta zagayo an raɗa masa suna. Duk wanda ya biyo ta Sawakin ya san Baniyan, 'yan kasuwar Hindu masu bautar gumaka da suke da kantuna a can. Sunan da aka ba shi ke nan. Yara su bi shi da garwarsa suna “Baniyan, Baniyan, ina allanka?” suna kukan saniya. Gidaje suka fara mayar da ruwansa. Wata tsohuwa da ya cika wa randa ta sa aka zubar, aka wanke randar sau bakwai, ɗaya da ƙasa. A sahu, in ya tsaya, sai na kusa da shi ya matsa, a bar gurbi kamar haƙori ya fita. Matata ta dawo daga gidan suna ta ce an ƙi cin abinci a kwano ɗaya da ita.

Sannan abin ya iso tukubata. Aka ce wa ya san wanda yake yanka naman nan, wa ya san sunan da ake kira a kansa. Mutumin da ba ya iya riƙe wuƙa, shi aka ce yana yanka wa gunki. Larabawan da suke aiko yaransu kullum suka daina aikowa. Nama ya riƙa kwana. Da yamma in ɗaga kai in hangi hayaƙin maƙwabcina da taron da yake nawa a da.

Akwai tsoron da ya fi wannan. Garin nan wanda ba Musulmi ba ba ya shigarsa, kuma mu baƙi ne marasa takarda. In magana ta fita daga unguwa cewa Takaruni ya ɓoye mai bautar gunki a gidansa, ba wanda zai tsaya tantancewa. Na faɗi wannan don gaskiya ne, ba don ya wanke ni ba.

Wata rana yana wurin ɗiban ruwa na ɓalle akwatinsa. Na sami rigar soja, da lambobi biyu, da zanen uwarmu, da wani carbi na itace mai sauƙi, ba irin namu ba. Ban jira ya dawo na tambaye shi a ɗaka ba. Na kai wa liman carbin a gaban jama'a bayan la'asar. Liman ya ja shi ɗaya-ɗaya da ƙarfi, kowa yana bi. Aka wuce casa'in da tara. Aka tsaya a ɗari da takwas.

Daidai nan ƙanena ya iso da sandarsa a kafaɗa. Ya ga abin da yake hannun liman. Ya ce, “Yaya, kyauta ce. Ranar da za mu shiga jirgi Bahinden nan ya ba ni. Ba shi da komai sai shi. Wallahi ban taɓa ja ba.”

Na ce, “To don me kake ajiye shi?”

Na karɓi carbin na jefa a garwashin tukuba, na sa mafici na hura. Ya yi ƙamshi kaɗan, ya cinye nan da nan. Ƙanena ya tsaya yana kallo, garwa biyu cike a kafaɗarsa, bai sauke ba. Mutane suka ce na yi jihadi. Amma ba su dawo sayen nama ba, don maƙwabcina ya ce carbi a wuta yake, abin da ke zuciya fa?

Liman ne ya kawo shawara, kuma na yarda da niyyar alheri ya kawo ta. Hajji ya matso. Ya ce ranar layya a Mina, inda duniya take taruwa, a ba shi wuƙa ya yanka da bisimilla a gaban mutanen unguwa, ya ci naman, magana ta mutu. Na gaya wa ƙanena da safe yana daka yaji.

Ya ajiye taɓarya. Ya ce, “Yaya, zauna in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ba Bahinden nan ne ya hana ni nama ba. Tun kafin in san shi na daina.”

Ya ce wata rana a daji su takwas suka ɓuya a cikin wani kwazazzabo, abokan gāba suna wucewa ta samansu. A tare da su akwai wani yaron abokan gāban da suka kama, cikinsa a farke, yana ta nishi yana kiran wani suna. In aka ji shi duk sun mutu. Ba halin harbi. Sai sauran suka juyo suka dube shi, ɗaya ya raɗa masa, kai ne mahauci. Ya ce ya ɗora gwiwa yadda ubanmu ya koya mana. Ya ce abin da ya fi damunsa, hannunsa bai yi kuskure ba ko kaɗan, kuma bakinsa da kansa ya yi bisimilla.

Ya ce, “Tun ranar, in na ga wuya a ƙarƙashin wuƙa, shi nake gani. Ka bar ni da ruwana, Yaya. Ko ka bar ni in tafi Jidda.”

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban fahimta ba, ni da na san yadda maƙogwaro yake a ƙarƙashin hannu. Na duba naman jiya da ya fara canza launi a cikin kwando. Na ce, “In ka tafi Jidda cewa za a yi ka gudu, ni kuma a bar ni da sunan. Za ka yanka.”

Matata tana bayan labule, ta ji komai. Da ya fita ta ce, “Maigida, haram alaik. Ka ji tsoron Allah.” Na ce ta shiga harkar tukunyarta.

Wanda bai ga Mina ta wancan zamani ba ranar layya ba zai gane ba. Ba mayanka ginanniya irin ta yanzu. Fili ne, da rana mai narka kwalta, da dubban tumaki da awaki. Alhaji ya sayi dabba, ya kira mahauci, a yanka, ya yanki ɗan abin da zai ci ya bar sauran a nan. Kafin azahar gawar dabbobi ta yi tudu, jini ya yi laka har idon sawu, ƙuda kamar hadari. Matanmu suna bi suna yanyana nama suna shanyawa a kan duwatsu, abincin shekara. Mu mahauta ranar ce kakarmu.

Mutanen unguwa suka yi da'ira, sun fi talatin. Liman yana gaba, maƙwabcina yana gefensa. Na kayar da wani farin rago na wani alhaji Bamisre da bai san abin da ake ciki ba. Na miƙa wa ƙanena wuƙa. Ya durƙusa. Hannunsa ya fara abin da ya saba. Ya ɗago ya dube ni, leɓensa yana motsi. Wani a baya ya yi kukan saniya, aka yi dariya.

Na durƙusa a bayansa. Na sa mutum biyu suka danne kafaɗunsa. Na ɗora hannuna a kan nasa, na matse yatsunsa a kan ƙotar har na ji ƙashi yana ƙara. Na ce a kunnensa, “Faɗi.” Ya ce bisimillahi, Allahu akbar, da wata murya kamar ta yaro. Na ja hannunsa. Jinin ya feso masa a fuska da ƙirji.

Aka yi kabbara. Maƙwabcina ya ce, “Ai yayansa ne ya yanka, ba shi ba.”

Na jawo wani ragon na ce, “To ga na biyu.” Na ja da baya.

Ƙanena ya goge idonsa da bayan hannu. Ya dubi ragon. Rawar hannun ta tsaya cak. Ya yanka shi da ja ɗaya. Ya miƙe ya kama na gaba da kansa, ba wanda ya ce masa. Ya yanka. Ya kama wani. Alhazai suka ga mai sauri suka yi ta turo dabbobinsu, shi kuwa ba ya ɗaga kai, ba ya shan ruwa, ba ya jin kira. Yana ɗingishi cikin jini daga wuya zuwa wuya. Mutanen unguwa suka yi ta murna da farko, daga baya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Liman ya ce mini, “Ya isa haka.” Na ce akwai sauran sharaɗi.

Na hura wuta a tsakanin duwatsu uku, na gasa hanta, na barbaɗa yajin da shi ya daka. Na riƙe hannunsa na karɓe wuƙar, sai da na ɓamɓare yatsun. Na ce ya ci. Ya zauna a ƙasa ya ci, yana taunawa a hankali, yana kallon wani wuri a bayan kaina. Ya cinye tas. Bai yi amai ba.

Cinikina ya dawo kafin alhazai su gama watsewa. Gurbin sahu ya rufe. Tsohuwar nan mai randa ta aiko masa da dabino.

Bai koma ɗiban ruwa ba. Kullum da sassafe yakan riga ni zuwa bayan dutse, in tarar ya yanka ya feɗe ya rataye, fatar ba huda ko ɗaya. Duk abin da aka sa masa a akushi yana ci. Amma labari ya ƙare. In an taru da yamma aka ce, Soja, ba mu na giwaye, sai ya ce ya manta. Kwana biyu sai ya yi bai ce uffan ba in ban da amsa sallama. Wani lokaci matata takan same shi a tsakar gida yana wanke hannu, ya zuba ruwa ya cuɗa, ya sake zubawa, har butar ta ƙare. Yara ba su daina ce masa Baniyan ba, sai dai yanzu daga nesa suke faɗa, don suna tsoronsa. Matata ta daina cin tsirena. Ba ta yi mini gori ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba, amma in na kawo sai ta ba maƙwabta.

Shekara biyu ya yi mini haka. Bayan an gama hajjin shekara ta biyun, ranar da motocin alhazai suke lodi zuwa Jidda, na dawo na same shi a ƙofar gida da akwatinsa. Ya ce zai koma yamma. Na ce gida wa ya rage masa? Ya ce ba gida ya ce ba, yamma dai. Matata ta ƙulla masa busasshiyar gurasa da dabino tana kuka. Na raka shi har inda motoci suke tsayawa. Da zai hau ya kama hannuna ya ce, “Yaya, ka yafe mini wahalar da na jawo maka.”

Na ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Iyakar abin da na ce ke nan. Akwai lokaci, don motar ta daɗe ba ta tashi ba, direban yana rigima da wasu a kan kaya. Na tsaya a ƙasa, yana zaune a sama a kan akwatinsa, muna kallon masu rigimar.

Duk shekara nakan tambayi masu zuwa ta ƙasa. Wani ya ce ya ga mai ɗingishi irinsa yana tsinkar auduga a Sudan. Wani ya ce a'a, wannan Bazabarme ne. Daga ƙauyenmu aka ce bai iso ba. Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba.

Bayan wasu shekaru aka buɗe wa irinmu da suka daɗe ƙofar neman takardar zama ɗan ƙasa. Na sa farar riga, na tafi da shaidu biyu, liman da maƙwabcina mai tukuba, wanda a lokacin mun shirya har ɗansa yana neman 'yata. Magatakardan yana rubutu bai ɗago ba. Ya tambayi sunana, da na ubana, da sana'ata, da shekarun da na yi a Makka. Sannan ya ce ina da ɗan'uwa a nan ko a waje? Na ga in na ce e, za a tambayi inda yake, da abin da ya kawo shi, da abin da ya fitar da shi. Na ce ba ni da kowa. Ya dubi shaiduna, suka ce haka ne. Ya buga hatimi, ya ce in dawo bayan wata biyu.